Fasto ya ce in karanta Romawa 13 a gaban ɗan siyasa, alhali jinin mahaifina bai bushe ba

Tambaya

Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Ni malamin firamare ne a garin Zuru, ina kuma koyar da yara a makarantar Lahadi. Asalinmu wani ƙauye ne a Danko-Wasagu. A daminar bara ƴan bindiga suka iske mahaifina a gonar dawa yana maimai, suka harbe shi, suka kora shanun huɗarmu. Dattijon ikilisiya ne, bai taɓa ɗaga wa kowa ko gora ba. Muka kwaso Mama da ƙannena zuwa Zuru, yanzu haya muke yi, gonar tana can ta koma daji.

Tun daga lokacin gidanmu ya rabu. Mama ta ce ta yafe, mu ma mu yafe, tunda Yesu ya ce a juya ɗaya kuncin. Yayana ya shiga ƴan sa kai, in ka yi masa magana sai ya ce ai Yesu ne ya ce wanda ba shi da takobi ya sayar da rigarsa ya saya. Ga kuma na uku: wani ɗan siyasa mai riƙe da muƙami, wanda ke neman komawa kujerarsa, ya saya wa majami'armu kwanon rufi. Za a yi sujadar godiya, zai zo da jama'arsa, fasto ya ce ni zan yi karatun nassi, Romawa 13:1-7. Ɗan siyasar nan bai taka ƙauyenmu ba, ko ta'aziyya bai aiko ba. Da na nuna damuwata, fasto ya ce babu iko sai daga Allah, wanda ya yi gaba da hukuma da Allah yake gaba.

Baba, Littafi ɗaya ne, amma kowa ya ja ayarsa ya tsaya a kai. Ni yanzu in ana Addu'ar Ubangiji aka iso wurin gafara, bakina ba ya buɗuwa. Zunubi ne in ƙi karatun nan? Har na fara tunanin daina zuwa sujada.

Ɗanka, daga Zuru

Amsa

Ɗana, sannunku da rashi. Allah ya ba ku haƙuri, ya ta'azantar da Mama, ya raya ƙannenka. Ka miƙa mata gaisuwata da bakinka.

Ba zunubi ba ne ka ƙi karatun. Babu inda aka ɗora wa mai bi wajibin ya hau bagade ya karanta nassi a taron da lamirinsa bai kwanta da shi ba. Amma ba da ƙi nake so ka fara ba. So nake ka roƙi a bar ka ka karanta shi cikakke, domin nassin da ake so a rufe maka baki da shi, in aka karanta shi daga inda ya faro, ya fi nauyi a kan baƙon da zai zauna a kujerar gaba fiye da kai.

Manzo Bulus bai rubuta wani abu mai suna sura ta 13 ba. Wasiƙa ya aika, doguwa, wadda ake karanta wa jama'a daga fari har ƙarshe. Sai a ƙarni na 13 aka yanka Littafi Mai Tsarki sura sura kamar yadda muke gani, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa sai a 1551. Saboda haka ka ɗauki Littafinka ka koma baya kaɗan, ka fara daga Romawa 12:9. Za ka ji ya ce a yi kuka da masu kuka. Za ka ji ya ce kada a rama mugunta da mugunta, kada masu bi su ɗaukar wa kansu fansa, su bar wa Allah fushinsa. Duk wanda aka kashe wa uba, in ya ji wannan, tambaya ɗaya ce za ta taso masa: to wa zai bi mana haƙƙinmu a nan duniya? Amsar wannan tambayar ita ce Romawa 13. Aya ta 3 da ta 4 sun ce mai mulki abin tsoro ne ga mai aikata mugunta, bawan Allah ne domin amfanin jama'a, kuma ba a banza yake riƙe da takobi ba. Wato an ce kai ka ajiye taka takobin ne domin akwai wanda aka ɗora wa aikin ɗaukarta. In ƴan bindiga suna yawo a kan babura da rana tsaka, suna sa wa manoma haraji kafin su yi shuka da kafin su yi girbi, talaka ne ke tsoro su ba sa tsoro, to wanda ya fara saɓa wa Romawa 13 ba maraya ba ne.

Ka kuma duba waɗanda aka rubuta wa. Wajen shekara ta 57 ne, Nero yana sarautar Roma. Masu bi ƴan tsiraru ne, a gidajen juna suke taruwa, kuma ba a daɗe da korar Yahudawa daga birnin ba, korar da ta fitar da Akila da matarsa kamar yadda Ayyukan Manzanni 18:2 ta faɗa. Bulus yana gaya musu kada su yi tawaye, su biya haraji, su zauna lafiya da kowa iyakar iyawarsu. Wannan yana nan daram, ni ma ba zan taɓa ba ka shawarar tawaye ba. Amma ka dubi yadda shi mai wasiƙar ya yi da hukuma a aikace. A Filibi an yi masa bulala shi da Sila ba tare da shari'a ba, aka jefa su kurkuku. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sallame su a ɓoye. Bulus ya ƙi fita. Ya ce sun doke mu a bainar jama'a ba a hukunta mu ba, mu kuwa ƴan ƙasar Roma ne, yanzu za su fitar da mu a asirce? Sai dai su zo da kansu. Suka kuwa zo, suka ba da haƙuri. Yana nan a Ayyukan Manzanni 16:35-39. A Urushalima, an riga an ɗaure shi za a zane shi, ya tambayi jarumin soja ko doka ta yarda a yi wa ɗan ƙasa bulala kafin shari'a. A gaban gwamna Filikus, wanda yake sa ran a ba shi toshiya, maganar adalci da kamun kai da hukunci mai zuwa ya yi masa har gwamnan ya tsorata. Daga ƙarshe ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Wannan shi ne mutumin da ya rubuta a yi wa hukuma biyayya. Ya san dokar ƙasarsa, ya kuma riƙe mahukunta da ita.

Haka Ubangijinmu. Shi ya ce a juya ɗaya kuncin, amma da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, bai rama ba, bai kuma yi shiru ba. Ya ce in na faɗi mugun abu ka nuna shi, in kuwa daidai na faɗa, don me ka mare ni? Yohanna 18:23 ke nan. Na daɗe ina ganin wannan ayar ce ta fi dacewa da mu mutanen Arewa masu bi, domin mun saba ɗaukar cewa hanya biyu ce kawai, ko ka rama ko ka haɗiye. Yesu ya nuna akwai ta uku, ka tsaya a gaban mai iko hannunka a sake, ka tambaye shi dalili.

Akwai labarin da nake so ka karanta wa kanka a daren yau, 1 Sarakuna 21. Nabot yana da gona ta gado kusa da fadar sarki Ahab. Sarki ya ce ya sayar masa, Nabot ya ce Allah ya sawwaƙe ya ba da gadon kakanninsa. Aka shirya masa shaidun ƙarya, aka jefe shi, sarki ya sauka ya mallaki gonar. Abin da ke sa tsikar jikina tashi shi ne yadda aka shirya kisan: da shelar azumi aka fara, dattawan gari ne suka zartar. An lulluɓe zalunci da rigar ibada. Allah kuwa bai aiki annabi Iliya wurin iyalin Nabot ya ce su yi biyayya ba. Wurin sarki ya aike shi, cikin gonar nan, da tambaya: ka yi kisa, ka kuma ƙwace? Natan ya yi wa Dawuda haka a kan Uriya. Yohanna Mai Baftisma ya yi wa Hirudus haka, har kansa ya tafi a kai. Ba ina cewa ɗan siyasarku Ahab ne ba, ba shi ya harbi mahaifinka ba. Ina nuna maka ne inda Allah yake aika bayinsa in an zubar da jinin manomi a gonarsa.

Ba yau aka fara yanke Romawa 13 daga jikinta ana miƙa wa masu mulki ba. An yi haka a Jamus zamanin Hitler, sai da wasu fastoci suka taru a Barmen a 1934 suka ce ikilisiya ba ta da wani ubangiji sai Almasihu. An yi haka a Afirka ta Kudu zamanin wariyar launin fata, ana gaya wa baƙaƙe cewa gwamnatin da ta kore su daga filayensu naɗin Allah ce. A Uganda, babban bishop Janani Luwum ya kai wa Idi Amin takardar koke a kan kashe-kashe da ɓacewar mutane, a watan Fabrairu 1977 aka kashe shi. Yau ikilisiya a ko'ina da shi take alfahari, ba da waɗanda suka yi shiru ba.

Mu kuma a Najeriya akwai abin da muke da shi wanda masu bi na Roma ba su da shi. Su ba wanda ya tambaye su wa zai zama Kaisar. Mu tsarin mulkin 1999, a sashe na 14, ya ce iko na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samun ikonta, ya kuma ce tsaro da jin daɗin jama'a shi ne babban dalilin kafa gwamnati. Wannan ita ce dokar da Romawa 13 ta ce ka yi wa biyayya, ita ce kuma dokar da baƙonku ya rantse a kanta. Wanda ya zo neman ƙuri'arka ya zo ne a duba aikinsa. In ka tambaye shi ina tsaro, aikin da doka ta ba ka kake yi. Kuma ba ƙaramin lissafi ne ke gabansa da duk masu riƙe da muƙami a wannan yanki ba. A watan Yuni 2021 ƴansanda da kansu suka tabbatar da kisan mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu. A cikin wannan watan na Yuni dai aka kwashi ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, wasu daga cikin ƴan matan sai a 2023 suka dawo gida. A Nuwamba 2025 aka shiga makarantar ƴan mata ta Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai. Daga Ribah zuwa Dirin Daji, gida nawa ne ba a yi zaman makoki irin naku ba?

Yanzu fastonka. Kada ka ɗauke shi abokin gaba. Na san yadda majami'a mai yoyo take a watan Agusta: mata suna jan benci gefe, an jera bokitai a tsakiyar ɗaki, ƙarar ɗigon ruwa tana gasa da wa'azi, ga baiko ya ragu domin rabin jama'a ƴan gudun hijira ne da ba su yi noma ba. Mutumin da albashinsa ke fitowa daga wannan baikon, in wani ya sauke masa kwano bandir bandir a ƙofar majami'a, ba mamaki ya ga amsar addu'a ce. Mai yiwuwa kuma tsoro yake ji, domin yana kallon jama'arsa a matsayin ƴan tsiraru da ba su da gata in sun ɓata wa manya rai. Na fahimce shi, amma ban yarda da shi ba. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya, kuma abin da ke faruwa ke nan. Wasiƙar Yakubu 2:1-4 kamar don wannan Lahadin aka rubuta ta: mai zoben zinariya da tufafi masu kyau ya shigo a ce masa zauna nan wuri mai kyau, matalauci a ce masa tsaya can. Yesu kuma ya ce mai ba da sadaka kada ya busa ƙaho a gabansa. Ko dokar ƙasa ma, Dokar Zaɓen da aka yi a 2022 ta hana a yi amfani da wuraren ibada wajen yaƙin neman zaɓe ko tallata ɗan takara. Karɓar kwanon ba laifi ba ne, gode wa wanda ya bayar ma ba laifi ba ne. Laifin shi ne a biya shi da nassi.

Bari in ɗan ratse, tunda lokacin zaɓe ne ake yawan jin wannan. Wasu za su ce maka ka zaɓi wane domin namu ne, wane kuwa ba namu ba ne. Ahab sarkin Isra'ila ne, ɗan gida. Sairus sarkin Farisa bai san Allahn Isra'ila ba, amma a Ishaya 45 Allah ya kira shi shafaffensa, shi ne kuma ya mayar da ƴan bauta ƙasarsu. Ma'aunin da Littafi ya ba mu na mai mulki yana cikin Zabura 72 da 82: ya bi wa matalauci da maraya haƙƙinsu, ya ƙwace su daga hannun mugu. Da wannan za ka auna mai zuwa majami'a, da shi za ka auna mai zuwa masallaci. A ƙasar Zuru, inda gida ɗaya za ka samu wa Kirista ƙane Musulmi, ana cin tuwo a akushi ɗaya, wanda ya zo ya raba ku da sunan addini ba tsaron gonarku ne ya dame shi ba.

Sai maganar da na fi jin nauyinta, bakinka da ba ya buɗuwa a Addu'ar Ubangiji. Ɗana, wannan shirun bai ba ni tsoro ba. Alama ce kana ɗaukar kalmomin da gaske, ba ka son yi wa Allah ƙarya. Yafiya umarni ce, ba zan sassauta maka wannan ba. Yesu ya roƙa wa waɗanda suka gicciye shi gafara, Istifanas ya yi haka duwatsu suna sauka a kansa. Amma ka san abin da aka umarce ka da shi, kada ka ɗauki kayan da ba naka ba. Ba a ce ka ce abin da aka yi wa mahaifinka ƙarami ne ba. Ba a ce ka daina neman a kama su a hukunta su ba. Ba a ce ka daina kuka ba. Abin da aka ce shi ne ka sakar wa Allah fansar, kada ka riƙa kwana kana tashi da burin ganin jininsu a hannunka. Wannan kuwa ba a rana ɗaya yake samuwa ba ga yawancin mutane. Yusufu ya yi shekaru a Masar, kuma ko da ƴan'uwansa suka zo gabansa bai faɗa musu a wuya nan take ba, sai da ya gwada su, ya shiga ɗaki ya yi kuka, ya fito, kafin ya iya cewa ni ne Yusufu.

Kafin bakinka ya buɗe, akwai addu'o'in da aka ajiye domin masu irin halinka. Zabura 10, da 13, da 94. Mai zaburar yana tambayar Allah har yaushe mugaye za su yi ta murna, suna kashe gwauruwa da baƙo da maraya suna cewa Ubangiji ba ya gani. A Ru'ya ta Yohanna 6:10 waɗanda aka kashe saboda shaidarsu, suna gaban Allah ma, tambayar da suke yi ke nan, kuma ba a tsawata musu ba. Mu ne muka rage karanta waɗannan a sujada, muka bar masu makoki da waƙoƙin murna kaɗai. Ka karanta su da murya. In aka zo wurin gafara ranar Lahadi, ka ce a zuciyarka: Ubangiji, ban iso ba tukuna, ka kai ni. Wannan ma addu'a ce.

Mama kuwa, kada ka ɗauki yafiyarta rauni. Ita ta fi ku duka rashi, ita ce kuma take da ikon cewa ta yafe. Sai dai ka saurare ta da kyau. Macen da ta binne miji, tana kallon babban ɗanta yana saɓa bindiga yana fita da dare, in ta ce ku yafe, wani ɓangaren maganar roƙo ne kada ta sake binne wani. Ka zauna kusa da ita wata rana in ƙannenka sun tafi makaranta, ka karanta mata Luka 18:1-8, labarin gwauruwar da ta yi ta zarya wurin alƙali tana cewa a bi mata haƙƙinta har sai da ya gaji ya yi. Yesu ne ya ba da misalin, kuma yabon matar ya yi. Mama tana iya yafewa har zuci ta kuma sa hannu a takardar koke.

Yayanka shi ne a bakin rami, shi ya kamata ka fi ba lokaci. Ayarsa ma yankakkiya ce. A Luka 22, da almajirai suka ce ga takuba biyu, Yesu ya ce ya isa. A daren nan ɗayansu ya sare kunnen bawan babban firist, Yesu ya hana, ya warkar da kunnen, a Matiyu 26:52 ya ce a mayar da takobi kubensa domin masu ɗaukar takobi da takobi za su hallaka. Duk da haka ba zan ce tsaron gari zunubi ne ba. Nehemiya ya yi addu'a ya kuma sa masu gadi dare da rana, magina suna aiki da hannu ɗaya, makami a ɗayan. Da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma, bai ce su bar aikin ba, ya ce kada su yi ƙwace, kada su yi ƙazafi, su gamsu da albashinsu. Ƙasar Zuru ta ba Najeriya sojoji masu yawa, da damansu masu bi ne na ƙwarai. Amma Nehemiya da takardar izinin sarki ya zo, garu yake tsaro, bai bi kowa rugarsa ba.

Tambayar da za ka yi wa yayanka ita ce: gadi yake yi ko farauta? Maƙwabtanmu na Zamfara sun riga mu shan wannan ɗacin. Da satar shanu da fashi suka yi yawa, ƴan sa kai suka tashi, aka shiga kama Fulani a kasuwanni ana kashewa ba shari'a, mai laifi da marar laifi. Ƴaƴan waɗanda aka kashe suka shiga daji, wutar ta ninka, har yau ba ta mutu ba. Duk wanda ya kashe makiyayi domin Bafulatani ne kawai ya yi abin da aka yi wa mahaifinku, kuma ya haifar wa ƴan bindiga sabon soja. Ga kuma haɗarin ransa. A watan Maris 2022 an yi wa ƴan sa kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe fiye da 60. Bindigar harba-ka-ruga ba ta ja da irin makaman da ke dajin nan. In ya nace zai yi, to ya kasance cikin ƙungiyar da hakimi da jami'an tsaro suka san da ita, wanda aka kama a miƙa wa hukuma da ransa, kuma kada ya fita aiki da ƙwaya ko giya a kansa. Ka tuna masa cewa Musulmin da ƴan bindigar nan suka kashe a Kebbi da Zamfara ba su ƙirguwa, har a masallatai. Ka ba shi labarin Liman Abubakar Abdullahi na yankin Barikin Ladi a Filato, wanda a 2018 ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Kada yayanka ya bari ɗacin maraici ya koma ƙiyayyar wata ƙabila ko wani addini.

Barin sujada kuwa, a'a. Yanzu ne ka fi bukatar jama'a, yaran makarantar Lahadi kuma, waɗanda da yawansu sun ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, suna bukatar malamin da ya san zafin. Ikilisiyar da mahaifinka ya yi wa dattijantaka ba ta fasto ba ce, balle ta mai kwano.

Ga yadda za ka bi. Ka je wurin fasto a gida, ba a ƙofar majami'a ba, ba kuma a Facebook ba. Ka tafi da dattijo ɗaya wanda ya san mahaifinka. Ka gaishe shi da ladabin da ya dace da shi, ka ce ka yarda za ka yi karatun, roƙonka shi ne a fara daga 12:9 a tsaya a 13:10, inda aka ce ƙauna ba ta cutar maƙwabci. Ka roƙi abu na biyu: a wannan sujadar, kafin jawabin godiya, a kira sunayen ƴan ikilisiya da aka kashe ko aka sace, ɗaya bayan ɗaya, da ƙauyukansu, a yi addu'a domin iyalansu, sa'an nan a yi wa shugabanni addu'a kamar yadda 1 Timoti 2:1-2 ta ce, domin mu yi zaman lafiya da kwanciyar rai. Babu zagi a ciki, babu cin fuska, kuma da wuya fasto ya sami hujjar ƙi. In ya ƙi duka, ka ce masa cikin ladabi ya ba wani karatun, ka je sujadar ka zauna kusa da Mama. Kada ka karɓa sa'an nan ka hau bagade ka sauya nassi ko ka ƙara naka jawabin, wannan yaudara ce, kuma za ta ba su damar mayar da maganar ta zama ta rashin kunyarka.

Aikin da ya fi na ranar Lahadi daɗewa kuwa, kai mai alƙalami ne, ka yi amfani da shi. Ka bi iyalan ƙauyenku da ke zaune a Zuru, Kirista da Musulmi, ka rubuta sunan duk wanda aka kashe, ranar da abin ya faru, shanun da aka kora, kuɗin fansar da aka biya, gonakin da aka bari. A ƙasa ku rubuta abin da kuke nema a fili: jami'an tsaro a hanyar gonaki kafin shukar bana, agajin abinci da iri, da wurin karatu ga yaran da suka bar makarantunsu. Dattawan ikilisiya su sa hannu, limamin ƙauyenku ya sa hannu, mai unguwa ya sa hannu. Dattawan ne za su miƙa wa baƙon kwafi ɗaya bayan an tashi sujada, sauran ku kai wa hakimi, da shugaban ƙaramar hukuma, da hukumar agajin gaggawa ta jiha, da reshen ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) na yankinku. Ka tabbata an buga muku hatimin karɓa a kan kwafin da za ka ajiye, in wata ɗaya ya wuce ba amsa ku koma da shi.